Wa ke tarbar wanda ya fito daga gidan kaso?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Jama'a masu saurare, na cikin birnin Maraɗi da na Tsibirin Gobir da na Jiratawa, da duk inda muryar nan ta kai, a gida ko a gona ko a rumfar kasuwa.  Maganar yau ta gidan kaso ce. Na san wani ya riga ya ce a ransa, Allah ya raba mu da shi. Amin. To amma a bar akwatin rediyon a kunne, don da wuya a sami unguwar da babu gidan da ake ɗaukar kwanon abinci a nufi can, ko da ba a gaya wa maƙwabta inda za a ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan kaso a ƙasar nan ya san ba a rasa salla a ciki. Akwai wurin da aka keɓe, akwai mai kira, akwai liman daga cikin ƴan kason kansu. In azumi ya zo, ƙungiyoyin addini da masu hannu da shuni sukan kai gero da sukari da dabino da sabulu, malamai su yi wa'azi. Ƴan uwanmu Kirista su ma suna shiga, kuma a yankin nan ba baƙi ba ne, tun ƙarshen shekarun 1920 ƴan mishan na SIM suka zauna Tsibiri. Mutum yakan shiga ko Fatiha bai iya daidai ba, ya fito da izu biyar a ka. Wannan ana gani. Ana kuma ganin ɗayan: bayan wata uku jandarma su sake kawo shi, gardin bakin ƙofa ya dube shi ya ce, “Kai ne kuma?” A unguwa sai a ce ai dama tuban muzuru ne, hali zanen dutse.

To, wa'azin da ake yi a cikin kaso yana hana mutum komawa ga laifi bayan an sallame shi, ko kuwa ba ya hanawa?

Akwai waɗanda suka bi wannan tambaya da alƙalami da lissafi, kuma abin da suka gano ya cancanci a saurara. A Amurka an yi wani mutum, Charles Colson, na hannun daman shugaba Nixon. Badaƙalar siyasa ta kai shi kaso a 1974, ya yi wata 7 ya fito, a 1976 ya kafa ƙungiyar Kirista mai suna Prison Fellowship don aiki da ƴan kaso. A 1997 ƙungiyar ta buɗe wani shiri a jihar Tekzas, kusa da birnin Houston: a ware ɓangare guda na gidan kaso, masu so su shiga, tun asuba har dare karatun littafi da addu'a da aiki, wata 16 ko fiye, sannan a ci gaba da bibiyarsu bayan sun fita. A 2003 wasu masana biyu, Byron Johnson da David Larson, suka fitar da sakamako. Cikin waɗanda suka kammala shirin, kashi 17 cikin 100 ne kawai aka sake kamawa a shekara biyu, alhali takwarorinsu da ba su shiga ba kashi 35 ne. Waɗanda suka koma kaso kuwa kashi 8 ne, takwarorinsu kashi 20. Labari ya bazu, har fadar shugaban ƙasa aka yi murna.

Sai wani malamin jami'a, Mark Kleiman, ya ce a dakata a sake duba lissafin. Mutum 177 ne suka shiga shirin, 75 kaɗai aka ƙidaya a matsayin waɗanda suka kammala. Ina sauran 102? Wasu an sallame su da wuri, wasu sun bari, wasu an kore su. Kuma ku ji sharaɗin kammalawa: sai mutum ya fita, ya yi wata 6 ana bibiyarsa, yana da aikin yi, yana zuwa majami'a. Ke nan wanda ya fita ya rasa aiki ya koma ga sata, tun farko an cire shi daga jerin da ake alfahari da shi. Da aka haɗa duka 177 ɗin, kashi 36 aka sake kamawa, kashi 24 suka koma kaso. Babu abin da suka fi takwarorinsu da shi, a ma'aunan biyu ma sun ɗan fi su muni.

Haka ma a Burazil, inda wani lauya ɗan Katolika, Mário Ottoboni, ya fara tsarin APAC a 1972. Gidajen kaso ne da babu gardi mai bindiga, ƴan kason ne ke riƙe makulli. Abin sha'awa ne ƙwarai, kuma masu komawa daga can ba su kai na sauran gidajen ba. Amma ba kowa ake ɗauka ba. Sai wanda ya nema da kansa, aka kuma auna shi aka yarda. Mutumin da ya nemi shiga irin wannan wuri, da ma zuciyarsa ta riga ta karkata. Shi ya sa a 2011 wani masanin shari'a, Alexander Volokh, ya bi binciken da aka yi a kan irin waɗannan shirye-shirye ɗaya bayan ɗaya, ya ce mafi yawansu wannan aibi ya lalata su.

Kada mai saurare ya ce na zo rushe aikin malamai. Akwai ragowar labarin, kuma nan ne abin da ya shafe mu yake.

A jihar Minesota an gwada wannan shiri na ƙungiyar Colson, aka kuma auna shi da kyakkyawar hanya. Grant Duwe da Michelle King sun bi mutum 732 da aka sallama tsakanin 2003 da 2009, rabi sun shiga shirin, rabi ba su shiga ba, kuma an ƙidaya kowa, har waɗanda suka gudu a tsakiya. A nan an ga bambanci: sake kamawa ya ragu da kashi 26, sake yanke hukunci da kashi 35, komawa kaso da sabon laifi da kashi 40. Da suka tona don su ga daga ina amfanin ya fi fitowa, sai suka tarar yana wajen waɗanda aka haɗa su da mutum guda daga waje, mai zuwa ganinsu tun suna ciki, kuma bai yar da su ba bayan sun fito. Wani binciken na daban a jihar, a kan mutum sama da 16,000, ya nuna ziyara kaɗai tana rage sake yanke wa mutum hukunci da kashi 13. Ziyarar da ta fi tasiri ita ce ta malamin addini, da ta uba, da ta ƴan uwa, har da ta surukai. Ziyarar tsohuwar mata ko tsohon miji kuwa, abin dariya abin tausayi, ƙara ɓata lamari take yi.

Amurka daban, Maraɗi daban, wannan kowa ya sani. Amma in mutum ya natsu zai ga abin da waɗannan alƙaluma ke nuni gare shi mun daɗe muna jinsa a majalisin hadisi. Ku tuna labarin da ya zo cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da ya kashe rai 99. Ya je wajen wani mai yawan ibada yana tambaya ko yana da tuba, aka ce masa babu, ya cika ɗari da shi. Sannan ya sami malami na gaskiya. Malamin ya tabbatar masa ƙofar tuba a buɗe take, amma bai tsaya nan ba. Ya umarce shi ya bar garinsu, domin garin mugunta ne, ya nufi wani gari inda ake bauta wa Allah ya zauna cikinsu. Mu kan riƙe rabin farko na labarin, mu yi ta maimaita shi a cikin kaso, ƴan kaso su yi kuka. Rabi na biyu, wato garin mutanen kirki da zai karɓe shi, wannan ba a cikin kaso ake gina shi ba. Mu ne ya kamata mu zama garin.

(Ɗan kiɗa)

Jama'a masu saurare, har yanzu kuna tare da shirin faɗakarwa, muna magana kan wa'azi a gidan kaso da abin da ke biyo bayan sallama.

Bari mu ɗan duba cikin gidan tukuna. Nijar na da gidajen kaso wajen 40. A jiharmu, ban da na birnin Maraɗi, akwai na Madarunfa da Gidan Runji da Tasawa da Mayahi da sauran manyan garuruwa, a Dakwaro kuma akwai cibiyar da aka tanada don yaran da suka saɓa wa doka. Fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi. Cunkoso kuwa ba ɓoyayyen abu ba ne. A watan Maris na 2020, da cutar korona ta shigo, sai da shugaba Mahamadou Issoufou ya yi wa mutum 1,540 afuwa don a sami sarari. Abin da wannan ke haifarwa shi ne yaron da aka kama da wayar salula guda ya kwana kafaɗa da kafaɗa da wanda ya shekara ashirin yana fasa shaguna. Malam yana zuwa sa'a ɗaya ko biyu a mako. Wancan malamin kuwa, mai fasa shaguna, yana nan dare da rana, yana da labarai masu daɗi, ya san mai sayen kayan sata a kowace kasuwa, kuma shi ne zai raba tuwonsa da yaron ranar da ba a kawo kwano daga gida ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duk da haka wasu yaran sukan zaɓi sahun salla, su riƙe allo, kuma wannan ba ƙaramin jihadi ba ne a irin wannan wuri.

Yanzu mu ɗauka yau ce ranar sallamar ɗaya daga cikinsu, saurayi ɗan Tsibiri. An kira sunansa da hantsi, an miƙa masa takarda. Ya fito da rigar da ya shiga da ita, ta ƙoɗe, da baƙar leda mai ɗauke da izu da carbi da guntun sabulu. Ko dala babu a aljihunsa. Ɗan kabu-kabu ya tsaya, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce kuɗi tukuna. Tsibiri ba nisa, amma ga mai yunwa da kunya tafiya ce. Ya isa gida da la'asar. Inna ta rungume shi tana hawaye, baba ya amsa gaisuwa bai ɗago kai ba. Da magariba ya yi alwala ya shiga masallacin unguwa kamar yadda ya saba a can ciki, yana cikin nafila ya ga mutum biyu sun tashi sun ɗauko takalmansu daga bakin ƙofa sun ajiye a gabansu. Babu wanda ya ce masa uffan. Ya gani, ya kuma gane.

Da dare wa ke zuwa nemansa? Ƴan fada. Su ne suka yi ihu suka ɗaga shi sama, suka haɗa masa shayi, suka tura masa jaka biyu a aljihu suka ce ba rance ba ne. Wani ya miƙo tramol. A duk faɗin garin nan, nan ne kaɗai wurin da aka yi murnar ganinsa ba tare da an ɓoye komai ba. Mako biyu ya yi yana ƙi. Ya je gareji an ce babu wuri. Ya je wajen masu ɗaukar kaya a kasuwar Maraɗi ran Litinin, wani ya gane shi ya raɗa wa mai shago. Yarinyar da yake nema an ba wani. In a mako na uku ya bi su, za mu ce tuban muzuru ya yi. Ni dai ina ganin tubansa na gaskiya ne, wurin ajiye shi ne ya rasa.

A nan Maraɗi muna da darasi a gonakinmu. A farkon shekarun 1980, lokacin da aka share itatuwa hamada na matsowa, an yi ta kawo dashe daga waje yana mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tofon kututture ne mai rai, saiwarsa na nan a ƙasa. Aka fara sassaben zamani: a zaɓi reshe biyu ko uku a gyara, a bar su su tashi. Yau ana maganar hekta miliyan 5 tsakanin Maraɗi da Damagaram. Amma tambayi kowane manomi, zai gaya maka gyaran reshe shi ne mai sauƙi. Wuyar aikin ita ce tsare shi daga akuya da gatarin maƙwabci har ya yi ƙarfi, shi ya sa ƙauyuka irin Ɗan Saga suka kafa kwamitin tsaro. Malamin da ke shiga kaso gyaran reshe yake yi. Kwamitin tsaron ne ba mu kafa ba.

To mene ne abin yi? Abin da ya fi komai shi ne mai tsaya masa. Ba ƙungiya ba, ba jama'a ba, mutum guda mai suna da mutunci, wanda ya fara zuwa ganinsa tun saura ƴan watanni ya fito, kuma shi ne zai tsaya a bakin ƙofa ranar sallama. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kasuwancin Alhazan Maraɗi a kan haka ya ginu, uban gida da bara: ana ba yaro kaya na miliyoyi ya tafi Kano ko Kwatano da su ba takarda ba sa hannu, don wani babba ya ce na san shi. Ku saurari yadda zancen zai iya kasancewa tsakanin limamin unguwa da mai gareji.

“Alhaji, yaron nan na gidan su marigayi ya fito. Ina so ka riƙe mini shi.”

“Allah gafarta malam, ba ƙi nake yi ba. Kayan mutane ne a hannuna. In batir ya ɓace wa zan kama?”

“Ni za ka kama. Kuma kullum bayan isha'i zai biyo ta wurina.”

“To malam, tunda kai ka faɗa, ya zo gobe da safe.”

Wannan kalma, “ni za ka kama”, tana da tsada. Wata rana batir zai ɓace da gaske, liman ya biya daga aljihunsa, mutane su yi masa dariya. Shi ya sa bai kamata nauyin ya zauna a wuyan mutum ɗaya ba. Masallacin da ke tara kuɗin fanka da na lasifika zai iya ware wani abu don irin wannan lamuni. Kuma ba lalle sai gareji ba. Ga Jiratawa, da filin noman rani na wajen hekta 500, inda zogale da albasa da tumatir ke neman hannu kusan duk shekara. Aikin lambu yana da wata fa'ida ga wanda ya fito: ana biya a ranar, babu kayan da za a ce ya ɗauke, gajiya kuma tana sa shi barci da wuri, ga shi an ɗan nisanta shi da fadar da ta san shi. Wani lokaci abin da ya fi masa alheri ke nan, ya yi shekara guda wajen kawunsa a wani gari kafin ya dawo.

Sai maganar zakka da sadaka. Buhunan gero da ake kaiwa da azumi suna da lada, Allah ya karɓa. Tun zamanin Halifa Haruna Rashid, alƙali Abu Yusuf ya rubuta masa cewa ciyar da ƴan kaso da tufatar da su wajibi ne a kan baitulmali, kada a bar su suna bara da mari a ƙafa. Amma mu tuna masu bashi suna cikin mutum takwas da aka ce a ba zakka. Akwai wanda zai fito da tara ko diyya a wuyansa, kuma bashin nan shi ne igiyar da ke ja da shi baya. Attajirin da ya sauke masa wannan, ko ya saya masa keken ɗinki ko baro ko kayan faci, ya yi abin da zai wuce watan azumi.

Akwai kuma wanda muke mantawa da shi gaba ɗaya in ana wannan magana, wato wanda aka zalunta. Malamai sun ce sharuɗɗan tuba uku ne: barin laifi, da nadama, da ƙudurin rashin komawa. In kuma haƙƙin wani ne, sai na huɗu, a mayar masa ko a nemi yafewarsa. A cikin kaso ana iya cika ukun farko a kan buzu. Na huɗun sai an fito. Tsohuwar da ta yi wata takwas tana turkar rago don ta sayar da Layya ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki, aka kwance shi da dare, ita ba ta ga komai ba cikin shekara guda da ɓarawon ya yi a tsare. Ranar da ta gan shi a sahun gaba da carbi, wani baƙin cikin ne sabo. Kuma ita ce za ta gaya wa unguwa duka ko wane ne shi, ba wanda zai ga laifinta. Amma in mai tsaya masa ya kai shi gabanta, gaban mai unguwa, ya durƙusa ya ce, “Inna, ni ne, ki yafe mini, zan biya kaɗan-kaɗan,” aka sa jaka ɗaya ko biyu duk mako, to bakin da zai kashe shi ne zai koma yana ba da shaidarsa. Dokar ƙasar nan ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a irin al'amuran da suka shafi al'ada da dukiya, daga mai gari har fadar Sarkin Gobir a Tsibiri da ta Sarkin Katsinan Maraɗi. Hanyar na nan, bin ta ne ya yi ƙaranci.

An ga irin wannan a babban mataki a jihar Difa. A watan Disamba na 2016 gwamnati ta yi kira ga ƴan Boko Haram su ajiye makamai, aka buɗe cibiya a Gudumariya, malamai suka karantar da su, aka koya musu ɗinki da walda da kanikanci. A Disamba na 2019 rukunin farko, mutum sama da 100, suka yi rantsuwa da Alƙur'ani aka sallame su. Rantsuwar ba ta ɗauki yini guda ba. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne garuruwan da za su karɓe su, inda mutanen da aka ƙone wa gidaje ke tambaya, don me aka ba wanda ya ɗauki bindiga kayan sana'a, mu da aka kora ba a ba mu komai ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma duk shirin da ya tsallake ta zai yi tuntuɓe da ita daga baya.

Ban ce a rufe ido ba. Yarda da tuban mutum daban, ba shi amanar da ta fi ƙarfinsa daban. Wanda aka ɗaure don ya lalata yara, ko ya haddace izu sittin, ba a ba shi tsaron makarantar allo. Wanda ke da hannu cikin satar mutane a dazukan Madarunfa ko Gidan Runji, wannan sai tare da sanin hukuma. Su ma masu kula da gidajen kaso su san wane ne ke hawa mumbari a ciki, don ba kowane mai rawani ke kiran mutane ga zaman lafiya ba. Sannan kada a ɗaura sabulu da abinci a kan halartar wa'azi, Musulmi ne ya kawo ko Kirista. Mai yunwa zai zauna duk inda ake rabo, ya ce amin da ƙarfi, kai kuma ka koma gida kana ƙidayar mutanen da ka shiryar. A Dubai da Saudiyya ana rage wa ɗan kaso wa'adi in ya haddace Alƙur'ani. Niyya ce mai kyau, kuma hadda ba ta taɓa zama hasara ba, amma ƙwaƙwalwa mai kaifi ba ita ce shaidar zuciya ta gyaru ba.

Ga ƙungiyoyinmu masu shiga kaso, ina da roƙo ɗaya: ku sayi littafi na jaka ɗaya. Duk wanda ya zauna karatunku ku rubuta shi, da garinsu, da ranar fitarsa, da sunan mai tsaya masa. Bayan wata shida, bayan shekara, bayan shekara biyu, ku aika a dubo yana ina. Ku rubuta wanda ya zama tela, ku rubuta wanda ya koma, ku rubuta wanda ya tafi Agadas ko Libiya aka daina jin ɗuriyarsa. Kada ku yi lissafin Tekzas, ku riƙa nuna mutum biyun da suka gyaru a kowane taro kuna shiru a kan ashirin. Ƙasar Singafo ta ɗauki hanyar ƙidaya da gaskiya, ta kuma buɗe gangamin roƙon masu kamfanoni su ɗauki tsofaffin ƴan kaso aiki a 2004. Masu komawa cikin shekara biyu sun sauko daga kashi 44 ga waɗanda aka sallama a 1998 zuwa wajen kashi 20 ga na 2019.

Ita ma hukuma tana da nata. A 2017 Nijar ta yi sabuwar dokar tsarin gidajen kaso, da wata da ta ba alƙali damar yanke wa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a maimakon ɗauri, kamar shara a likita ko a lakwal. Yaron da aka yi wa haka bai kwana kusa da mai fasa shaguna ba, bai rasa sana'arsa ba, ba a kuma liƙa masa sunan ɗan kaso ba. Amma alƙali ba zai yanke irin wannan hukunci ba sai ya ga wurin da zai karɓi yaron da mutumin da zai sa masa ido, kuma a nan ma kwamitin masallaci ko na majami'a zai iya miƙa hannu. Iyalan da ba su da kuɗin lauya kuwa su sani akwai hukumar ANAJJ, da aka kafa a 2011 don taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a. A je kotu a tambayi ofishinta.

Duk abin da muka faɗa yau a kan maza muka faɗe shi. Lamarin mata ya fi haka tsanani, don macen da ta shiga kaso sau da yawa takardar saki tana riganta fita, wani lokaci gidan iyaye ma a rufe take tarar da shi, ga goyo a baya. Wannan shi ne abin da za mu ɗauka a shiri na gaba, tare da maganar rawar da malamai mata da makarantun Islamiyya na matan aure za su iya takawa.  Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)